Ko Zai Warke? Abin da ke Yanke Makomar Matashi Mai Ciwon Sikizofireniya

Laccar da aka gabatar ga iyaye, malamai da matasa a Gesse, Birnin Kebbi



Masu girma masu unguwanni, malamanmu limamai, iyayena maza da mata, abokan aiki ma'aikatan lafiya, da ƙannena matasa na Gesse, da waɗanda suka tako daga Badariya, Rafin Atiku, Tudun Wada da Gwadangaji, har da baƙinmu na Argungu, Allah ya saka muku da alheri da wannan fitowa. Na san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya zo taron da aka ce za a yi maganar taɓin hankali, domin a garinmu ko ganinka aka yi a irin wannan wuri sai wani ya ce, "To, ko a gidansu akwai ne?" Kun san da haka, kuma kuka zo.

Tambayar da zan tsaya a kanta ita ce wadda kowane uba da kowace uwa suke yi da zarar an faɗa musu sunan ciwon ɗansu: "Likita, zai warke kuwa?" Lafiya ta Allah ce, wannan ba gardama. Amma Allah ya sanya wa samun sauƙi sabubba, kuma masana sun shafe shekaru suna bin majinyata don gano waɗannan sabubban. Abin da suka gano, wanda shi ne ya kawo ni gabanku, shi ne kaso mai tsoka na sabubban yana hannun mutanen gida, kuma a shekarun farko na ciwon ake cin nasara ko a yi asara.

Sikizofireniya ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma matasa ya fi kamawa. Namiji yakan fara ne daga ƙarshen shekarun goma sha zuwa farkon ashirin da wani abu, wato daidai lokacin da yake gama sakandare, ko ya shiga kwalejin Waziri Umaru, ko jami'ar tarayya ta nan Birnin Kebbi, ko kwalejin Adamu Augie ta Argungu, ko ya fara riƙe shagon ubansa. Mace takan ɗan jinkirta. Alamomin da kowa ya sani su ne jin muryoyin da babu mai yin su, da zargi mai tsanani da hujja ba ta kawar da shi: ana binsa, an sa masa guba a abinci, gidan rediyo da shi yake. Sai magana wadda ba kai ba gindi. Akwai kuma alamomi masu shiru waɗanda ba a cika ɗaukarsu ciwo ba. Yaron da aka sani da fara'a ya daina fita majalisa, ya daina wanka sai an matsa, fuskarsa ta daina nuna murna ko baƙin ciki, ya wuni a ɗaki ba ya komai. Waɗannan ake kira lalaci ko girman kai a gida, kuma su ne suka fi wuyar magani.

Ba kowace ruɗewa ce wannan ciwo ba. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, da sanƙarau, da taifod, da farfaɗiya, da shan ƙwaya, duk suna iya sa mutum sambatu da gane-gane. Shi ya sa likita ba ya yanke hukunci rana ɗaya. Sai ya auna jini, ya ji tarihi, ya ga alamomin sun daɗe aƙalla wata guda.

A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, kimanin mutum miliyan 24 ne ke da ciwon a duniya, wato mutum ɗaya cikin kowane 300. Ku auna da yawan mutanen unguwar nan, za ku ga ba baƙon abu ba ne. Hukumar ta kuma ce aƙalla ɗaya cikin kowane uku na masu ciwon alamomin suna gushe masa gaba ɗaya. Waɗansu suna samun sauƙi ciwon yana dawowa jefi-jefi, suna aikinsu a tsakani. Waɗansu kuma ciwon yana zaune musu, suna bukatar kulawa tsawon rai. Ba zan ɓoye muku wannan kashi na ƙarshe ba. Abin tambaya shi ne me ke tura yaro wannan kashi ko wancan.

Akwai abubuwan da ba mu da iko a kansu, zan ambace su in wuce. Wanda ciwon ya kama tun bai kai 18 ba ya fi shan wuya a kan wanda ya kama yana da 25, domin na biyun ya riga ya gama karatu, ya koyi sana'a, yana da abin da zai koma wa. Wanda abin ya faɗo masa farat ɗaya, cikin kwanaki, bayan wani tashin hankali kamar rasuwa ko asara, ya fi saurin farfaɗowa a kan wanda ciwon ya yi ta rarrafo masa a hankali shekara da shekaru. Mata a jimlace sun fi maza kyakkyawar makoma. Wanda dama mai shiga mutane ne, mai ƙoƙari a makaranta, ya fi wanda tun yana ƙarami a ware yake. Gado ma yana da nasa rabo: idan uwa ko uba ko ɗan'uwa na jini yana da ciwon, haɗarin yana kaiwa wajen 10 cikin 100. Ku lura dai, wannan na nufin 90 cikin 100 ba za su kamu ba. Ko tagwaye masu kama ɗaya, idan ɗaya ya kamu, kusan rabin lokaci ɗayan lafiyarsa lau.

Yanzu ga abin da yake hannunmu, kuma mafi girmansa shi ne lokaci. Masana suna auna tazarar da ke tsakanin ranar da alamomi suka bayyana da ranar da aka fara shan maganin da ya dace. A 2005 an tattara bincike masu yawa daga ƙasashe daban-daban aka duba su tare, sakamakon ya fito iri ɗaya: gwargwadon tsawon wannan tazara, gwargwadon raunin sauƙin da ake samu. Wanda aka kai cikin makonni ya fi karɓar magani a kan wanda aka kai bayan shekara biyu. Saboda wannan ne wani likita a birnin Melbon na Ostireliya, Patrick McGorry, ya buɗe cibiya ta musamman a 1992 don matasan da ciwon ya fara taɓawa, daga baya Ingila da wasu ƙasashe suka bi sahu.

Mu nan mun san wannan darasi a wani fannin. Idan yaro ya faɗo daga babur ya karye, babu uban da zai ce a bari sai bayan girbi a kai shi wurin maɗori, domin kowa ya san ƙashin da aka bari zai haɗe a karkace. To ƙwaƙwalwar ɗan shekara 19 ba ta gama ginuwa ba, rayuwarsa ma ba ta gama ginuwa ba. Duk watan da ya wuce yana cikin ruɗu, wani abu yana zubewa: zangon karatu ya wuce, maigidan da ke koya masa sana'a ya ɗauki wani, abokai sun janye, gidan da aka fara maganar aure sun ji labari. Ko da magani ya zo ya kashe muryoyin daga baya, ba shi zai dawo masa da waɗannan ba.

Ina watannin suke tafiya? Kun fi ni sani. Watannin farko suna tafiya a musu: "ƙuruciya ce", "karatu ne ya yi masa yawa", "soyayya ce". Daga nan sai ɓoyo, don kada maƙwabta su ji, don akwai 'yan mata a gidan da ba su yi aure ba. Sai a fara neman taimako: ruƙiyya, rubutu, hayaƙi, turare. In ba a dace ba a ce sammu ne, a fara lissafin kishiya ko abokin gāba a kasuwa, a tsallaka ƙauye wurin mai magani, wani lokaci har Jamhuriyar Nijar ko Binin. An sayar da akuya, an sayar da buhun shinkafa, an jinginar da gona. Ranar da aka iso asibiti, yawanci ranar da yaron ya fasa wani abu ne ko ya ɗaga wa wani hannu, kuma aljihu ya riga ya bushe.

Malamaina, ku gafarce ni, a nan da ku nake, kuma da girmamawa nake. Ba na cikin masu cewa a bar addu'a. Gidan da ake addu'a ya fi haƙuri da majinyaci, shi ma majinyacin yana samun natsuwa. Kuma neman magani ba baƙo ba ne a gidan ilimi na ƙasar nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna da cututtuka, kuma asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Abin da nake roƙo ƙarami ne, amma zai ceci rayuka. Ku ne ake fara zuwa wurinku, kafin mu. Idan aka kawo muku matashi yana jin muryoyi, ku yi masa addu'a, kuma a wannan makon ku ce wa ubansa, "Ka kai shi asibiti, ka dawo ka gaya mini abin da suka ce." Kalmarku ɗaya ta fi tamu goma nauyi a kunnen uba.

An gwada irin wannan haɗin kai, ba zato nake ba. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci a Ibadan da Kumasi ta Gana. Majinyaci yana wurin mai maganinsa, ma'aikacin lafiya yana zuwa yana duba shi yana ba shi magani. An buga sakamakon a mujallar Lancet a 2020: bayan wata shida, waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi a fili. Abin da ya yiwu a Ibadan ban ga abin da zai hana shi a Birnin Kebbi da Argungu ba.

Abu ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba, shi ne mari da duka. Kun tuna watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, waɗansu da sasari a ƙafa da tabon bulala a baya. Wannan wanda ya fito a labarai ke nan. Akwai ɗakunan baya a gidajen mutane da ba za su taɓa fitowa a labarai ba. Na san abin da ke kai iyali ga haka: tsoro, da gajiya, da rashin sanin inda za a dosa. Amma ku duba abin ta idon yaron. Ciwonsa yana gaya masa mutanen gidan nan so suke su cuce shi, sai ga ubansa da yayyensa sun danne shi sun sa masa ƙarfe. An tabbatar masa da zarginsa ke nan. Daga ranar, duk abin da ya fito daga hannunsu, har da magani, abin tuhuma ne. Shari'a ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe alhaki, to da wane dalili za a hukunta shi?

Idan abin ya taso, ku nufi asibiti mafi kusa, ko Sir Yahaya ko babban asibitin tarayya da muka fi sani da FMC, a duba shi a cire zazzaɓi da sauran cututtuka. Idan ana bukatar ƙwararru ko kwanciya, akwai asibitin tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kware, gaba da Sakkwato kaɗan. Tafiyar yini ɗaya ce ta hanyar Argungu.

To an kai, an fara magani. A nan ake yin asara ta biyu, wadda ta fi ta farko ban takaici, domin bayan an ga haske take zuwa. Tun 1952 da likitoci biyu a Faris suka fara amfani da maganin da kuka sani da Largactil, aka samu magungunan da ke kwantar da muryoyi da zargi, kuma mafi yawan matasan da ciwon ya kama karo na farko suna karɓarsu sosai. Cikin makonni yaro ya fara barci, ya fara cin abinci, ya gaida uwarsa. Bayan wata uku ko huɗu sai gida su ce alhamdu lillahi ya warke, a ajiye magani. Wani bincike da aka buga a 1999 a Amurka ya bi matasa 104 da suka samu sauƙi daga kamun farko. Cikin shekara biyar, kusan 82 cikin 100 ciwon ya dawo musu, kuma wanda ya daina shan magani haɗarinsa ya ninka kusan sau biyar. Kowace dawowa kuma takan fi ta baya wuyar kwantarwa. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a ci gaba da magani aƙalla shekara ɗaya zuwa biyu bayan kamun farko ko da mutum ya koma garau, kuma idan za a rage, likita ne zai rage a hankali yana sa ido. Wanda ciwon ya dawo masa sau biyu ko uku, maganarsa ta shekaru ce masu yawa.

Kada mu ɗora wa matasan laifi ba mu ji ta bakinsu ba. Maganin yana da wahala. Tsofaffin magunguna irin su haloferidol suna iya sandarar da jiki, su sa rawar hannu, su sa dalalar miyau, wani wuyansa ya murɗe, idonsa ya kafe sama. Sau da yawa idan gida suka ga haka sai su ce ga aljanun sun fito fili, alhali illar magani ce da ake warwarewa cikin ɗan lokaci. Sababbin kuma, irin su olanzafin da risferidon, suna sa ƙiba da yawan barci, kuma suna iya jawo ciwon suga. Akwai kuma illar da samari ba sa iya faɗa a gaban iyayensu, wato raunin mazakuta, 'yan mata kuma rikicewar al'ada ko zubar ruwan nono. Saurayin da ya ga haka zai zubar da ƙwayar a masai ya ce ya sha. Mafita ita ce a koma wa likita a faɗa masa ƙarara, domin ana rage yawan magani, ana sauya wani da wani. Iyaye, ku riƙa ba yaro wuri ya gana da likita shi kaɗai na ɗan lokaci.

Bari in ɗan ratse kan maganin da ake bayarwa don sandarewar jiki, wanda ake kira Artane ko Exol. Kun san ya shiga hannun 'yan shaye-shaye. Idan an rubuta wa ɗanku shi, babba a gida ya riƙe, ya riƙa ba shi daidai yadda aka ce, don kada abokai su mayar da shi kantinsu.

Abu biyu na ƙasarmu da littattafan Turai ba su cika damuwa da su ba. Na farko azumi. Duk shekara akwai waɗanda ke ajiye magani idan Ramadan ya kama, sai ciwo ya tashi bayan salla. Yawancin magungunan nan sau ɗaya ko biyu ake sha a yini, ana iya mayar da su buɗa-baki da sahur, sai dai a shirya da likita tun cikin Sha'aban. Na biyu zafin bazara. Magungunan suna rage wa jiki iya sanyaya kansa, kuma kun san yadda Birnin Kebbi take a watan Afrilu. A ba majinyaci ruwa da inuwa, kada a kulle shi a ɗakin kwano da rana tsaka.

Ga wanda ke mantuwa ko gardamar ƙwaya, akwai allura mai daɗewa a jiki, irin su Modecate, ana yi bayan mako biyu zuwa huɗu. Tana kashe rigimar kullum ta "ka sha, ban sha ba", kuma idan ya ƙi zuwa kowa ya sani nan take. Wanda kuma aka gwada masa magani iri biyu yadda ya kamata ba a dace ba, kada a ce an gama. Akwai kulozafin, wanda binciken 1988 ya nuna yana taimakon kusan 30 cikin 100 na waɗanda sauran magunguna suka gagara. Sharaɗinsa auna jini a kai a kai, shi ya sa sai a babban asibiti.

Ƙannena matasa, yanzu da ku nake, kan wiwi. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka sha wani abin maye a shekarar da ta gabata, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi. A Suwidin an bi samari sama da 45,000 da suka shiga aikin soja har shekara 15, aka buga sakamakon a 1987: wanda ya sha wiwi fiye da sau 50 ya ninka wanda bai taɓa sha ba sau shida wajen kamuwa da wannan ciwo. Ba kowane mashayi ne zai kamu ba, amma babu wanda ya san ko shi ne mai rauni sai abin ya auku. Ga wanda ya riga ya kamu kuwa, maganar a fili take: mai ci gaba da sha ya fi yawan dawowar ciwo da daɗewa a gadon asibiti, wanda ya daina kuma makomarsa tana komawa kusa da ta wanda bai taɓa sha ba. Abokin da ya miƙa wa mai wannan ciwo nadi don ya "huce", ya sani cutarsa yake yi. Iyaye kuma, kada jin cewa yaro yana shaye-shaye ya sa ku ce shi ya jawo wa kansa, ku kore shi. Da yawa ciwon ne ya fara, suka nemi abin da zai kashe musu muryoyin.

Sai zaman gida, wanda a ganina an fi raina tasirinsa. Wani masani a Landan, George Brown, ya lura tun shekarun 1950 cewa majinyatan da aka sallama ba daidai suke dawowa asibiti ba, ya danganta da irin gidan da suka koma. Shi da waɗanda suka biyo bayansa, Vaughn da Leff a 1976, sun auna abu uku a bakin dangi: yawan suka, da nuna ƙiyayya, da kuma wuce gona da iri wajen damuwa da shisshigi. A gidajen da waɗannan suka yi yawa, kusan rabin majinyata ciwon ya dawo musu cikin wata tara. A gidajen da ake magana a natse, 13 ne kawai cikin 100.

Ku saurari yadda abin yake a bakinmu. "Kai dai ka zama mana kaya." "Dubi ƙaninka har ya yi aure." "Da gangan kake yi, in abinci ne ai ka san hanyar baki." Wannan suka ke nan. Ɗaya gefen kuma uwa ce mai ƙauna, wadda ba ta barinsa ya je ko masallaci shi kaɗai, tana kuka a gabansa, tana leƙa ɗakinsa kowane lokaci. Iyayena mata, na san daga zuciya yake fitowa, amma nauyi ne a kansa. Ba gidan ne ya haddasa ciwon ba, kada wata uwa ta tafi da wannan zargi a ranta. Sai dai ƙwaƙwalwar da ke farfaɗowa ba ta jure hayaniya. A yi masa magana gajera, mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Idan ya ce ana binsa, kada a yi masa dariya, kada kuma a tsaya gardama, kada a gaskata. A ce, "Ni ban gani ba, amma na ga abin yana tsorata ka." Idan ya yi wanka da kansa yau, a nuna an gani. Gidanmu na gandu yana da wata fa'ida a nan: jinya tana iya zagayawa tsakanin kawu da gwaggo da yaya, kada ta kashe mutum ɗaya.

Aiki kuma magani ne, a zahirin ma'anarsa. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta. Maimakon kulle majinyata, sai ya sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa, suna karɓar magani da rana suna rayuwa cikin mutane. Duniya ta zo ta koya daga gare shi, har ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Daga ƙarshen shekarun 1960 hukumar ta yi manyan bincike a ƙasashe da dama, Ibadan tana ciki, aka ga majinyatan Nijeriya da Indiya sun fi na ƙasashe masu arziki samun sauƙi. Daga baya masana, har da Gureje, sun ja hankali cewa kada a yi saurin murna da wannan, domin talauci da rashin magani da mutuwar wuri suna nan suna cin mutanenmu. Ina tare da su. Amma dalilin da aka fi kawowa na wancan sakamako yana da ma'ana: a inda ake noma da kiwo da sana'ar hannu, mai rabin ƙarfi ma yana da abin yi.

Wannan dama muna da ita. Fadamar Rima tana bayan gari. Yaron da ba zai iya komawa aji a bana ba, zai iya bin kawunsa dashen shinkafa da safe na awa biyu, ya iya ba dabbobi ruwa, ya iya gyaran koma da masunta a Argungu, ya iya zama a shago tare da wani. A fara da kaɗan, a ƙara a hankali, a biya shi ladansa a hannu ko yaya yake. Shugabannin makarantu kuma su sauƙaƙa wa ɗalibi jingine karatu ya dawo, kada jinyar wata shida ta zama korar har abada.

Maganar aure kullum tana tasowa, ta fuska biyu. Masu cewa a yi masa aure zai warke, aure ba ya maganin wannan ciwo, kuma hidimar biki da nauyin sabon gida suna iya tayar da shi. Masu cewa ba zai taɓa aure ba, su ma ba su yi daidai ba: da yawa suna aure suna riƙe iyali. Sharaɗi shi ne a bari sauƙi ya zauna, kuma a gaya wa ɗaya ɓangaren gaskiya. Auren da aka ɓoye ciwo, ranar da aka ga ƙwaya a ƙarƙashin katifa ake fara rigima, kuma yawanci don ɓoyon ne ake daina shan maganin. Mace ta fi cutuwa a nan, domin ita ake saki a karɓe mata 'ya'ya. Wadda ke shan magani ta samu ciki kada ta daina da kanta, ta je a duba wanda ya dace da ita, kuma a sa mata ido sosai a kwanakin jego.

Dole in faɗi mai ɗaci. Kimanin 5 cikin 100 na masu wannan ciwo suna kashe kansu, kuma haɗarin ya fi yawa ga matasa, a shekarun farko, musamman makonnin da suka biyo bayan sallama daga asibiti, lokacin da hankali ya dawo yaro ya waiga ya ga abin da ya rasa. Wanda ya fi ƙoƙari da buri kafin ciwon shi ya fi shiga wannan hali. Idan ya ce ya gaji da rayuwa, kada a ce masa "ka yi istigfari" a wuce. A zauna a saurare shi, a kawar da maganin ƙwari na gona da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar. Kuma masu wannan ciwo suna rasuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sa'o'insu, mafi yawa saboda ciwon zuciya da suga da taba da cututtukan da ba a kula ba. Idan ya ce cikinsa na ciwo, a yarda cikinsa na ciwo. A riƙa auna masa nauyi da hawan jini da suga.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Sabuwar ta amince majinyaci mai haƙƙi ne kamar kowa, ta kuma hana a nuna masa wariya. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Ba za mu jira kowace ƙaramar hukuma ta samu nata ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da nas-nas da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon, su ci gaba da ba da magani a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, kuma Nijeriya ta karɓi tsarin.

Don haka roƙona ga hukumomin lafiya na jihar Kebbi, ta bakin masu unguwanni da ke zaune a nan, guda biyu ne. A horar da ma'aikaci aƙalla ɗaya a kowace cibiyar lafiya ta matakin farko, yadda wanda aka sallamo daga Kware zai karɓi allurarsa ta wata a unguwarsu, ba sai an sake haɗa kuɗin motar mutum biyu zuwa Sakkwato ba, domin a kuɗin motar nan ne jinya da yawa take yankewa. Sannan hukumar KECHEMA ta tabbatar magungunan nan suna cikin abin da asusun taimakekeniyar lafiya yake biya, kuma suna nan a kan kanta ranar da aka zo nema.

Akwai sauran lokaci don tambayoyi. Wanda tambayarsa ta shafi wani na gida, kada ya ambaci suna a bainar jama'a, ya same ni a gefe bayan an tashi.